Litinin Ɗin Da Tireloli Suka Tsaya

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin a Zongo ba, ko da mutanen unguwa za su yi mini alfarma su manta (ba za su yi ba, na san halinsu).

Ni mai gyaran wuta ne. Tun ranar da na gyara lasifikar masallaci ana dab da huɗuba aka laƙaba mini Injiniya, na karɓa hannu bibbiyu har na daina amsa sunan yanka. To, wani Alhaji ɗan unguwa da ke fatauci a waje ya aiko wa Islamiyyarmu ɗan injin iska, irin mai fikafikai uku da iska ke juyawa ya ba da wuta. Da shi za a riƙa tayar da famfon rijiya, don in aka ɗauke wuta yara ba ruwan sha, balle na alwala. Saura inda za a kafa shi, kuma simintin da aka samu na zubi ɗaya ne.

Liman ya tara iyayen yara a tsakar makaranta. Wasu suka ce a ɗora kan rufi, magini ya ce rufin nan ko kyanwa ta hau sai ya yi ƙara. Ni kuwa na miƙe na ce bakin babban titi, inda tireloli ke fitowa daga tashar jirgin ruwa su nausa arewa. Na ce na auna da kaina: na tsaya, wata tirela ta wuce, iskarta ta cire mini hula ta jefa a kwata. Abin da ban faɗa ba, don ni ma ban lura ba, shi ne ranar Lahadi na je awon, ranar da titi ba cunkoso.

Sai Inna Rabi, tsohuwa mai wankau da jikokinta ke makarantar, ta yi gyaran murya daga cikin mata. Ta ce a kafa a filin bayan makaranta inda take shanya, don ta nan iskar teku ke biyowa bayan azahar, kafin la'asar zannuwan da ta shanya sun bushe. Bakin titi kuwa, in ji ta, benaye sun tare, hayaƙi ne kawai.

Nan fa girman kai ya motsa. Na ce, "Inna, shanya daban, wuta daban. Ki bar wa masu ilimin abin." Maza suka yi dariya. Ita dai ta gyara mayafi ta ce, "To ɗana, Allah ya ba da sa'a." Liman ya yi mini wani kallo da sai daga baya na gane, amma ya bi maganata.

Kankare ya bushe, muka ɗora injin ranar Litinin, na jona ƙwan fitila a jikin turken don kowa ya gani da idonsa. Bayan azahar jama'a suka taru, aka kira Alhaji a waya yana kallo. Ina ɗaga kai gabana ya faɗi. Tireloli sun jeru hanci da gindi, ba mai motsi, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, su kaɗai ke kurɗawa da baburansu. Ni da aka haifa a Zongo na san cunkoson nan kamar yunwar cikina, amma ban taɓa haɗa shi da lissafina ba.

Fikafikan nan suka yi ƙememe. Na ce a ɗan jira. Aka jira. Zufa ta jiƙa mini riga, tsoro ya kama ni sosai, don ruwan yara ne na kafa a inda ba iska. Can muryar Alhaji ta fito daga wayar yana tambaya hoton ne ya tsaya ko injin.

Sai shaiɗan ya raɗa mini dabara. Na ce wata wayar wuta ce ta saki, na hau tsani, na ba jama'a baya, na sa hannu na murza fiffike da ƙarfi. Ƙwan ya ƙyifta. Aka yi kabbara. Ina sakin hannu ya mutu. Na sake murzawa, ya sake ƙyiftawa, kabbarar ta ragu. A na uku wurin ya yi tsit, ashe inuwata a jikin bango ta tona mini asiri.

Daga ƙasa na ji muryar Inna Rabi, a hankali: "Ɗana, in nan za ka zauna kana juyawa, a miƙo maka abinci."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Liman ya sunkuyar da kai. Ni kuwa daga saman tsanin ina hango bayan makaranta, zannuwan Inna suna ta kaɗawa a igiya kamar za su tashi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na rasa yadda ake saukowa.

Kwana biyu na yi ina fasa kankaren da guduma, na hana kowa taya ni. Sati biyu yara na ɗebo ruwa a maƙwabta kafin magini ya samo wani simintin. Na je har gida na durƙusa na ba Inna haƙuri, ta ce ba komai, ta zo ta nuna mana wurin da ƙafarta.

Injin na nan yana juyawa kusa da igiyar shanya, famfo na ba da ruwa. Yanzu Inna Rabi ake kira Injiniya, ni kuma na koma amsa sunan yanka. Tun daga ranar, kafin in auna iska da hula sai na tambayi mai shanya, kuma ba na awon komai ranar Lahadi.