Ƙorafin Bu Warsini Ya Koma Gida

Jiya da safe na tarar da takalmina ƙafa ɗaya yana iyo a ƙofar gida, ya kama hanyar kasuwa ba tare da ni ba. Kwatar layinmu ce ta sake toshewa. Ni takalmi kawai na rasa. Maƙwabciyata Bu Warsini kuwa, mai sayar da miyar soto, wato romon nama, ruwa ya kai gindin murhunta, ga shi babu mai shan miya yana tsaye cikin kwata.

"Pak Darmaji," in ji ta, "kai da ka ɓata shekaru a jami'a, shigar mana da ƙorafi a shafin nan na Mai Girma."

Mai Girma Uban Magudanan Ruwa, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya buɗe shafin intanet na karɓar ƙorafi a watan jiya. An yanka ƙyalle, an ci shinkafa rawaya, an rubuta adireshin ɓaro-ɓaro a allo: 127.0.0.1.

To jama'a, wannan lambar kowace kwamfuta tana da ita, kuma ma'anarta "ni kaina". Masu gina shafi da ita suke gwada aikinsu a cikin gida kafin su fitar da shi duniya. Saƙon ko zaure ba ya kaiwa, daga ɗaki sai ɗaki. Na buga ta a tawa, kwamfutata ta yi wa kanta sallama, ba wanda ya amsa.

Zuwa da kai ya fi aike. Na naɗe ƙafar wando, ni da Bu Warsini sai ofishin Mai Girma.

"Wa ya ce ba ya aiki?" Mai Girma ya juyo mana da kwamfutarsa. "Gani ya kori ji! Wata guda cur, ko ƙorafi ɗaya babu. Har lambar yabo aka ba ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a kan taka kaɗai yake buɗewa."

"To laifina ne da ba ku sayi irin tawa ba?"

Bu Warsini ba ta yi jami'a ba, saboda haka ba ta tsaya gardama ba. Ta jawo kwamfutar gabanta, ta rubuta da yatsa ɗaya: kwatar ƙofar gidana ta toshe, a zo yanzu. Saƙo ya shiga nan take, Mai Girma ya dafe ƙirji.

Ma'aikata suka duba daga ina ƙorafin ya fito, suka ga daga kwamfutar Mai Girma ne. Kafin la'asar motoci biyu sun dira ƙofar gidansa, sun yashe kwatar da ba ta taɓa toshewa ba, har da fenti.

Bu Warsini ta ɗora murhunta kan tubali, ta rage wa miya ruwa, ta ce akwai isasshe a ƙasa.

Ku masu cewa manyanmu ba sa sauraron kowa, ku ji tsoron Allah. Suna sauraro, kuma suna amsawa da gaggawa. Sai dai ka tabbata kai ne su.