Ranar da Kwamfutata Ta Tona Mini Asiri a Gaban Mama

Ba zan taɓa mantawa da taron malaman da muka yi a daminar bara ba, ko da na so in manta. Labarin ƙasa nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Haɗejiya. Mai makarantar dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, kowa Mama yake ce mata, kuma ita ta ɗauke ni aiki lokacin da takalmina ya siɗe wajen yawon neman aiki. Da ta ji raɗe-raɗin wasu malamai na shirin tafiya, sai ta kira ni ofis ta tambaye ni. Na dafa ƙirji na ce, "Haba Mama, ni da makarantar nan mutu ka raba." (Allah Ya yafe mini, a satin nan na fara cike takardar neman aiki a Kano ta intanet.)

Bayan kwana biyu kogi ya cika, ana ta maganar ruwa ya ci gonakin shinkafa a wajen Guri. Mama ta tara mu, ta ce in haɗa kwamfutata da majigi in nuna taswirar inda ambaliya za ta iya kaiwa, don a san yaran da za a riƙa sallama da wuri. Na gyara zaman hula, na miƙe ina ji da kaina.

Taswira ta fito a bango raɗau. A gefenta kuma ga wani ƙaton kai yana ƙyalli, tallar maganin sanƙo. (Gara in faɗa muku, shekara huɗu ba wanda ya taɓa ganina ba hula a makarantar nan.) Na yi ƙasa da shafin, wani kan ya sake leƙowa. Malam Bitrus mai koyar da lissafi ya ce, "Malam, wannan tsibirin a wace ƙaramar hukuma yake?" Aka fashe da dariya.

Na ce ai talla ce, kowa haka take fito masa. Malama Rahila mai koyar da kwamfuta, ba da mugunta ba, ta ce a'a. "Duk shafin da ka shiga yana ajiye 'yar alama a kwamfutarka, kukis ake ce mata. Da ita yake gane ka in ka dawo, ba sai ka sake rubuta sunanka ba. Masu talla kuma da ita suke bin sawunka, su kawo maka abin da ka daɗe kana nema. In aka tambaye ka ko ka amince, me kake dannawa?"

Ni dai ban taɓa tsayawa karantawa ba, amincewa kawai nake yi in wuce.

Na je in rufe, sai na buɗo wani shafin. Na neman aikin ne. Ya gane ni kuwa, ya gaishe ni da cikakken sunana, ya tuna mini cewa takardata ta Kano saura hoto kawai in tura.

Mama ta gyara tabarau ta karanta har ƙasa, sannan ta ce, "Mayar da mu kan taswirar, maganar 'ya'yan mutane muke yi." Haka na ƙarasa bayanin, gumi na bin wuyana, ban iya kallon kowa ba.

Da aka tashi na bi ta ofis na durƙusa. Ta ce, "Tashi, ɗana. Neman ci gaba ba laifi ba ne. Da ka gaya mini, ni da kaina zan rubuta maka takardar shaida." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Mutanen Kano ba su kira ni ba har yau. Malama Rahila ta koya mini yadda ake goge kukis, da yadda ake ƙin amincewa da na masu talla. Aikin minti ɗaya ne. Abin da abokan aikinka suka karanta a bango ne dai har yanzu ban samu inda ake danna shi ya goge ba.