Motar Da Ta Girmi Doka

"Lafiya lau, sai ƙafar nan. Shigo mana, ka tsaya kana leƙe kamar ɓarawon kaji."

"Ina kwana na ce, tsohuwa. Ko kunnen ma ya bi ƙafar?"

"Na amsa tun ɗazu. Ina motar?"

Haka Iya Saude take tarbar jikanta Abdulmannan tun bayan Babbar Salla, ba ta bari ya cire takalmi. Ita ta raine shi tun yana jinjiri da uwarsa ta rasu, amma in ka ji su sai ka rantse ba su taɓa shiri ba. Shi gyaran injin ban-ruwa yake wa manoman shinkafa a nan Haɗeja. Ya tara ɗan abin da ya tara, ya tura wa abokinsa Sunusi da ke Beljiyam ya saya masa tsohuwar mota mai tsayi, irin wadda ba ta tsoron hanyar fadama. Alƙawarin da ya ɗauka shi ne in ruwa ya janye zai kai Iya har ƙofar gidan yayarta Rahmatu, a wani ƙauye bayan Auyo. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma tunda gwiwa ta hana Iya hawa babur ba su sake ganin juna ba.

Ita kuwa, motar ba ta ma ga teku ba ta sa aka rushe garken awakinta, aka share wurin tas, aka kafa rumfa. Duk unguwarmu babu wanda ba ta ja hannunsa ta nuna masa rumfar nan ba, har da ni. Awakin yanzu a ƙofar ɗakinta suke kwana, suna cin tabarma.

Ran nan ina gidan, Mannan ya zo ya zauna a kan turmi, ta tura masa kwanon soyayyen kifi da ƙafa.

"Ci, mai gidan banza. Miji sai dai ya zo ya ci, ba cefane."

"Wa zai yi wa mace marar haƙori cefane? Kunu kawai kike sha, shi ma sai an tace."

"Haƙorana suna nan a ajiye, sai ranar da na samu mijin kirki zan fito da su. Na ce ina motar?"

"Tana gaishe ki."

"Ina amsawa. Ƙafa ce ita ma ta hana ta zuwa?"

Ya yi dariya, amma bai taɓa kifin ba. Wanda ya san Mannan ya san ba ya ganin kifi ya tsaya gaisuwa, kuma Iya ta fi kowa sani. Ta ajiye carbinta ta zuba masa ido.

"Faɗi. Teku ta cinye ta?"

"Da ma hakan ne, da na ce ƙaddara. Iya, cewa aka yi ta tsufa."

"Wa ya tsufa?"

"Motar. Lokacin da Sunusi ya saya tana cikin ƙa'ida. Kafin a samu jirgin da za a loda ta, aka sake dokar shekaru. Yanzu ta ɗara abin da aka yarda da shi, 'yan kwastan ba za su bari ta shigo ba."

"Shekararta nawa?"

"Sha shida."

"Sha shida!" Iya ta tafa hannu har akuya ta firgita. "Yo zanin da ke jikina ya girme ta. Turmin da kake zaune a kai ya yi jika da ita. Wannan jaririyar ce tsohuwa?"

"A wurinsu dai. Da ke aka kawo musu, ai ko buɗe akwatin ba za su yi ba, gidan tarihi za su wuce da ke."

"Gidan tarihin ubanka. To a rage mata shekarun mana. Kai ba rage maka muka yi ba da za a sa ka makaranta? Gemu ya kusa fito maka muka ce shekararka shida."

"Ita ba ta raguwa. Akwai lamba a jikinta, da an duba an ga shekarar da aka ƙera ta. Ba irinki ba ce, da in an tambaya ki ce shekarar fara."

"Shekarar farar ma ina da wayona. To su masu dokar, su ba sa tsufa? Duk wanda ya tsufa a cikinsu korarsa ake daga ƙasar?"

"Cewa suka yi tsofaffin motoci hayaƙi gare su, ga yawan mutuwa a hanya."

"Sai ka ce kai ba haka kake ba. Kullum kana tafe kana warin baƙin mai, in ka ci tuwo ka mutu a kan tabarmata sai la'asar. Na taɓa mayar da kai?"

"Ina za ki mayar da ni? Wa zai aure ki in na tafi?"

"Layi ake yi. Jiya ma mai goro ya ƙara mini ɗaya."

"Ruɓaɓɓe ne, na gani."

Ta wawuri mafici ta kai masa duka, ya kauce. Daga nan sai shi ma ya daina dariyar. Ya ce Sunusi zai sayar da ita a can, su lallaɓa su nemi wadda ba ta kai ta shekaru ba, amma irin waɗannan sun fi ƙarfinsa a yanzu. Wataƙila baɗi, in shinkafa ta yi kyau manoma suka yi gyara da yawa. Yana magana yana kallon rumfar nan, kuma wallahi ya ba ni tausayi, don kunya ce fal a fuskarsa.

"Na sa kin rushe garke a banza, Iya."

"Kai ka sa ni? Ni na rushe abina."

Ta ɗauki carbin, ta sake ajiyewa. Akuya ta zo ta sa baki a kwanon kifin, ba ta ko kore ta ba.

"Baɗi," ta ce. "Garba mai kwale-kwale ya biyo da safe, ya kawo kifi kasuwa. Shi ya ba ni wannan. Ya ce Yaya Rahmatu ta daina cin abinci, sai ruwa. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce Saude ce?"

Mannan ya miƙe tsaye. "Shi ne kika bar ni ina ta surutun mota?"

"Na ɗauka za ka ce ta iso Legas. Da sai in aika mata ta ƙara haƙuri."

"Ko ta iso ai ba ta shiga ƙauyen yanzu, ruwa bai janye ba. Tashi, yau za mu. In ɗauko napep ya kai mu Auyo har bakin ruwa, Garba ya tsallakar da mu."

"Ba za ni ba."

"Saboda me?"

"Na ce mata a motar mijina zan zo."

"Iya, bar wannan. Motar take nema ko ke?"

Ta kawar da kai wajen katanga. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai.

"Napep ɗin na ji. To daga bakin ruwa zuwa kwale-kwalen fa? Taɓo ne har gwiwa, ni kuwa ko dokin ƙofar nan sai na dafa. So kake ƙattin bakin ruwa su kinkime ni kamar buhun shinkafa, wani ya riƙe kai wani ya riƙe ƙafa, yara suna kallo? Da girmana?"

Ashe abin da ya zaunar da ita ke nan duk tsawon lokacin nan. Motar ba don a gan ta a ciki ba ce, don kada baƙon hannu ya ɗauke ta ne. Mannan ya tsaya yana kallonta, ya sa bakin riga ya goge ido kamar wani abu ne ya faɗa masa.

"Amma kin ci amanata," ya ce. "Kina da miji a raye kike zancen ƙattin bakin ruwa?"

"Kai? Da wannan bayan naka mai kama da karan dawa? Mu faɗa ruwa kifi ya rama abin da ka yi wa danginsa?"

"Injin ban-ruwa nake saɓawa a kafaɗa in ratsa fadama. Ke nawa kike? Ƙashi ne da masifa kawai."

"Masifar ce mai nauyin."

"Na saba da ita. Goyo zan yi, ba kinkima ba. Duk wanda ya yi dariya in ce amaryata ce, ba ta taka ƙasa."

Iya ta yunƙura. Ta dafa bango ta miƙe, ya kai hannu ta buge hannun. Ta shiga ɗaki, muka ji murfin adaka ya yi ƙara, can ta fito riƙe da wani majanyi na saƙi. Ya koɗe har ba a gane asalin launinsa, amma ko zare ɗaya bai saki ba.

"Ka san wannan?"

"Tsumman goge mota kika tanada?"

"Rufe mini baki. Da uwarka ta rasu ka ƙi madarar gwangwani, kana ta tsala ihu kamar za ka shiɗe. Da wannan na goya ka na ratsa wancan ruwan, lokacin ko kwale-kwalen ban samu ba, ya kawo mini nan." Ta nuna ƙirjinta. "Yaya Rahmatu ce ta samo maka mai shayarwa a ƙauyen. Ita ta kwance ka daga bayana da hannunta."

Mannan ya karɓi majanyin da hannu biyu. 

"Riƙe, na ba ka," ta ce. "Ka ɗaure ni da kyau, ban yarda da hannunka ba. Rumfar kuma a mayar wa awakina, sun ga abin duniya."

"Kin yafe motar ke nan?"

"Ta yi zamanta a can ta ƙara girma. Kai, tsaya ma tukuna. Shekararka nawa, na gaskiyar, ba na makaranta ba?"

"Talatin da biyu."

Ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye na bin kumatunta, ta jawo mayafi ta dafa kafaɗarsa.

"Ashe kai ma ka girmi dokar. Maza ɗauko napep ɗin, mu tsallaka kafin su ji labarinka. Yaya tana jira."