Rasuwar Hajiya Ghada, Kyamarar da Ke Bin Motocin Tsere

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Zaharadden Hussaini, mazaunin unguwar Mahjar a Jidda, direba a wani gida a unguwar Abhur, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk masu taruwa a filin tseren motoci ranar Juma'a, rasuwar kyamarata, wadda kowa ya sani da Hajiya Ghada. Ta rasu a hannuna, tana tsakiyar aiki, bayan shekara goma sha ɗaya muna tare. Sanarwar ta kowa ce, amma akwai mutum ɗaya da nake roƙon ya karanta ta har ƙarshe, wato yayana Rafi'u bakanike, wanda yanzu haka ya koma gida Gadarif yana jiran hoto daga wurina.

Marigayiyar 'yar asalin Japan ce. Na same ta a wani lungu bayan Bab Makka, ta riga ta yi aure-aure a hannun mutum biyu, amma ba ta taɓa nuna mini na zo a makare ba. Ta sha hayaƙin taya, ta sha ranar Jidda, ta faɗo daga kan but ɗin mota har sau biyu, ta tashi ta ci gaba da aiki.

Wanda bai san sana'arta ba zai ce ai danna maɓalli ne kawai. Allah ya shirye shi. Motoci biyu ne ke tashi a miƙaƙƙen layi, cikin sakan goma sha ɗaya an gama. Sai ka dasa ƙafafu a gefen layin, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi, ka bi motar da ƙugunka. Kana cikin juyawa za ka danna, kuma ko ka danna ba za ka tsaya ba sai motar ta ɓace. In an dace, mota ta fito tar, har rubutun jikinta ka karanta, tayoyi suna juyi, duk abin da ke bayanta ya ja ya zama zare-zare. In ba a dace ba, ka samu kunu. Hajiya ta haƙure mini shekara biyu ina dama kunu kafin ƙuguna ya koyi hankali. Muryarta in ta kama mota ba ta canzawa: kacak, kacak, kacak. Har yanzu ina jin ta a kunnena ina tuƙi.

Ta rasu ta bar gilasai biyu, babba da ƙarami, da batura uku, ɗaya cikinsu ya kumbura tun bara amma ya ƙi ritaya. Ta bar igiyar wuya mai warin gumina, da jaka, da hotunan motocin mutane sama da dubu arba'in. Ta bar kuma matata Naja'atu, wadda ta daɗe tana cewa na fi shafa kyamara da lallausan ƙyalle fiye da yadda nake tambayar lafiyarta, amma ita ce ta fara yin hawaye.

Game da jinyar ajali, gara ku ji daga bakina. Shekara tara Yaya Rafi'u yana haɗa motar tseren kafilinsa, wato ubangidansa Thamer, a warsha, garejin da yake aiki, ƙusa bayan ƙusa, bai taɓa hawa layi da ita ba. Da iƙamar Yaya, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare aka buga masa fita ta ƙarshe daga ƙasar, sai Thamer ya yi abin kirki. Ranar gwaji, kwana biyu kafin jirgin Yaya ya tashi, ya miƙa masa makulli da hular kwano, ya rubuta sunansa da farin alli a gilashin gefe, ya ce, “Yalla ya Rafi'u, sau ɗaya, taka ce.” Abin da Yaya ya roƙe ni ke nan: hoto ɗaya daga gefe, da sunan a jiki, don 'yarsa Jawahir ta ga abin da ya riƙe ubanta a Jidda duk shekarun nan.

Duk mai riƙe kyamara a garin nan ya san doka ɗaya. Ba a fito da kyamara daga sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya wuri, kai tsaye zuwa cikin danshin teku. Ana barin ta cikin jaka kamar kwata na awa, jikinta ya saba. Ni na koya wa mutane wannan! Amma ranar a motar Thamer na tafi, sanyi kamar firji, Hajiya tsirara a cinyata ina ta nuna hotuna ina baza baki. Muna isa bayan la'asar aka ce an matso da lokaci, Yaya har ya hau layi. Na diro da gudu. Nan take ta jiƙe da gumi ciki da waje. Na goge gilashin da bakin rigata, na kunna ta a haka.

Fitila ta yi kore. Wallahi tunda nake ban taɓa bin mota kamar yadda na bi wannan ba. Sunan yana tsakiyar idona, bai motsa ba ko kaɗan. Na danna. Hajiya ta ce “ka…”, ba ta ƙarasa ba.

Yaya ya fito yana dariya yana share ido, ya ce, “Ka kama ni, Zaharadden?” Na dubi fuskarsa, na dubi allon kyamarar da ya yi baƙi, na ce, “Halas, Yaya, na kama ka.” Kafin magariba an goge allin. Masu waya duk a baya suka tsaya, hayaƙi kawai suka ɗauka.

Ta kwana uku a cikin buhun shinkafar Naja'atu ko danshin zai tsotse. Daga nan na kai ta wurin mai gyara, ya buɗe, ya ce gishirin iska ya daɗe yana cin cikinta, ruwan ranar ne ya ƙarasa. Na ce ya duba katin da hotuna ke shiga. Ya duba sau biyu saboda ya ga yanayina.

Za a yi mata sutura ranar Juma'a bayan la'asar a gidana da ke Mahjar. Za a naɗe ta a farin tawul, a sa ta cikin jakarta, a ɗora a saman kabad. Akwai shayi da dabino. Duk wanda zai zo ya ce mini waya ma tana ɗaukar hoto, ya yi zamansa a gida, Allah ya ba da lada.

Yaya Rafi'u, yau kwana ashirin da uku kana tambaya ina ce maka ina kan gyara kala. Jiya ka turo mini hoton firam ɗin da Jawahir ta rataye a bango, babu komai a ciki. Babu hoton, Yaya. Ba a ɗauke shi ba, kuma ba laifin marigayiya ba ne, nawa ne. Na gan ka, ni kaɗai daga gefe, kuma ba ni da yadda zan nuna wa kowa. Ba za a karɓi ta'aziyya ta waya ba ranar Juma'a, don layin naka ne. Ka kira, ka faɗi duk abin da ke bakinka, ba zan katse ba.