Ranar da Sunaye Suka Ƙi Tsayawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Hajara ta kai ni gaban kwamfuta ba, har in koma ga Mahaliccina.

Hajara jikata ce. Ita ta haɗa wa ƙungiyar dillalan hatsi ta Jibiya abin da take kira manhaja, mai jera sunayen motocin da ke ƙetara boda zuwa Maraɗi. Da farko, in aka murza don jerin ya gangara a fuskar kwamfuta, sunayen tsalle suke yi kamar fara. Mako biyu ta yi tana gyara su don su riƙa sulalewa a hankali, su rage gudu kafin su tsaya. (Ta yi mini wannan bayani har sau uku. Na ce to, ban fahimci ko ɗaya ba.)

Shugaban dillalai, Alhaji Sule maƙwabcinmu, ya ce ba zai karɓi aikin ba sai ya ga tsoho zai iya. Yarinya ta bugi ƙirji, ta ce ko kakarta ma.

Aka zaunar da ni, dillalai sun kewaye. Ta ɗora hannuna kan wani abu kamar ƙwan agwagwa mai 'yar taya a baya.

"Murza, Kaka."

Na murza, na ɗauke hannu. Jama'a, rubutu bai tsaya ba! Tafiya yake, yana sulalewa kamar tirelar da ta hango shinge. Na ce hannuna na cinyata, wa ke tura shi? Ashe jirin nan ne da likita ya ce in ya zo, hawan jini ya kai maƙura.

Na riƙe teburi, na yi kalmar shahada da ƙarfi. Na ce ba zan tafi da haƙƙin kowa ba.

"Alhaji, ka yafe mini. Zabuwarka da ta ɓata shekara tara, ba muzuru ba ne. Ni ce. Da yaji na ci ta."

Dillalai suka juya suna kallon Alhaji.

"Kaka," in ji Hajara, "haka na yi shi. Ga shi ya tsaya."

Na duba. Ya tsaya. Ni ma lafiyata ƙalau, abin takaici.

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. "Gwaggo, muzuru uku na kashe saboda zabuwar nan." Ya juya ga Hajara. "Mun karɓa. Amma rage masa santsin, muna da tsofaffi da yawa, kuma ba kowane sirri nake son ji ba."

Tun ranar, in na ga abu na motsi, bango nake fara dubawa. In bango na tsaye, sai in kama bakina.