Rasuwar Jatau, Allon Wutar Shagon Tanimu Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau ta kasa ɗagowa ta dubi mutane, Tanimu tela na bakin tashar Madawa, ɗan asalin Urno, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Madawa da Buza da Keita, har da masu motocin da ke bin babbar hanya, rasuwar allon wutar da ke saman ƙofar shagonsa, wanda kowa ya fi sani da Jatau. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce, tsakanin magariba da lisha, a gaban dattawan unguwa, bayan doguwar jinyar da duk gari ya sani, ban da mai shi.

An haifi marigayin a Ƙonni, a rumfar Ado mai rubutun alluna, cikin kakar 1983, ana dab da ɗaurin auren Tanimu. Akwati ne na ƙarfe, da doguwar fitilar neyon a cikinsa, fuskarsa kuma farar roba mai kauri. A kan robar ake manna wata leda mai gam a baya, wadda su Ado ke kira binil, sannan a jera haruffa.

A ranar ne aka yi zaɓi biyu da suka zama sanadi. Ado ya ce sabuwar roba sai an aiko da ita daga Yamai, kuma ba za ta iso ba sai bayan biki. Amma akwai wata ta hannu a jingine bayan rumfa, daga ƙetaren iyaka aka kawo ta, an riga an shafe ta da farin fenti. Tanimu mutum ne da ba a san shi da gaggawa ba, riga ɗaya yakan yi mata mako yana lallaɓa wuyanta. Sau ɗaya ya yi gaggawa a rayuwarsa, ranar ce. Yana so masu kawo amarya su wuce su ga sunansa yana haske. Ya shafa robar da tafin hannu, ya ji ta sumul, ya ce ta yi. Bai tambayi inda ta taɓa aiki ba.

Sai ledar. Ado ya shimfiɗa masa iri biyu: shuɗiya mai kauri wadda haske ba ya ratsa ta sai ta inda aka yanke, da ja mara kauri wadda ke kamawa gaba ɗaya kamar garwashi.

"Ɗauki shuɗiyar," in ji Ado. "Ja ba ya jure zahin ranar ƙasar nan tamu ta Adar. Kahin ka ankara ya koma kalar ɓawon albasa."

Tanimu ya dubi ƙasa ya ce shi dai jan yake so.

"To, na gane. Jan zane yarinyar ta ɗaura ranar da ka hwara ganinta, ko?"

Ba ƙarya Ado ya yi ba. Haka aka manna ja, aka ɗora baƙaƙen haruffa, TANIMU TELA, da hoton almakashi a gefe. A saman motar kasuwa ya iso Madawa, nannaɗe cikin bargon mai shi, shi kuwa mai shi ya sha sanyi a hanya.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da kirki. Bai taɓa makara ba sai in wutar gari ce ta ɗauke. Da an kira magariba sai a ji shi yana gyaran murya, tik, tik-tik, ya ƙifta sau biyu ko uku kamar mai tashi daga barci, sannan ya kama zzzzz ɗinsa a hankali, muryar da ba ta taɓa hana kowa magana ba. Bai san rowa ba. Haskensa ya wuce ƙofar shago ya kai har bakin hanya, bai taɓa tambayar wa ke ci ba. Altine mai ƙosai ta daina sayen kananzir saboda shi. Baƙo in ya sauka tasha ya rasa gidan da zai je, da shi ake yi masa kwatance. Tsaka sun yi ƙiba a gefensa, kwaɗi kuma da damina sukan jeru a ƙasa suna jiran abin da zai faɗo. A watannin farko Tanimu kansa yakan ajiye ɗinki ya ƙetare hanya, ya tsaya kamar mai jiran mota, alhali sunansa yake kallo.

Babban alherin da ya sami marigayin a duniya ya zo ne bayan shekara guda. Malam, wanda mai wannan sanarwa ba zai iya kama sunansa ba, amma kowa ya san mahaifin Zalika matar Tanimu, idonsa ya fara rauni. Karatun da yake yi wa dattawa tsakanin magariba da lisha ya gagara a hasken aci-balbal. Wata rana sai aka ga an shimfiɗa tabarmi a gindin Jatau, Malam ya zauna ya buɗe littafi. Ba a nemi izini ba, ba a kuma bukatar nema. Malam ya ba Tanimu 'yarsa ne ba gona ba garke, sai keken ɗinki ɗaya da shaidar da mutane suka yi cewa yaron ba shi da abin faɗa. Wannan shaidar ita ce duk dukiyar Tanimu, kuma ga ta an zo an zauna a ƙarƙashinta.

Daga ranar Tanimu bai sake fita ta ƙofar gaba ba in rana ta faɗi. Ina zai ratsa gaban suruki? Daga ciki yake kunnawa, ya bi ƙofar baya zuwa masallaci, ya dawo ta nan. In ya ji an naɗe tabarmi, tarin Malam ya yi nisa, sai ya kashe daga ciki ya tafi gida. Da safe yakan taka benci ya goge wa Jatau fuska da ƙyalle mai laushi. Wato da rana kawai yake ganinsa.

Ciwon ya fara ne kamar yadda Ado ya faɗa. Jan ya koɗe, ya koma ruwan hoda, daga nan ya koma kalar ɓawon albasa. Tanimu ya lura, ya ɗauka tsufa ne, ya ce in an sha ruwa bayan salla zai kai shi Ƙonni a sake masa riga. Abin da bai sani ba, zafin rana daga waje da zafin fitila daga ciki sun dafa farin fentin da ke ƙarƙashin ledar, ya tsattsage ya saki. Da rana ba a ganin komai. Amma da an kunna, haske ya turo daga baya, sai tsohon aikin robar ya fito.

An ce da damina ya fara, kamar inuwar wani abu dogo. Kafin kaka ya yi wuya da kafaɗa. Dattawa sun gani, amma wa zai buɗe baki ya kunyata Malam da surukinsa? Sai kowa ya ƙara sunkuyar da kai cikin littafi. Malam ya gani, amma ba ya magana da Tanimu, Tanimu ba ya magana da shi, gaisuwa ma ta bakin wani take bi. Tunda manya ba su gani ba, samari ma ba su gani ba. Altine ta juya kaskonta ta ba shago baya. Haka Madawa ta yi watanni tana jinyar Jatau cikin shiru.

Ranar Talata wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya, ta zo daga can kudu ɗaukar albasa. Direban baƙo ne, ƙato, mai fara'a, bai san kowa ba. Ya yi wa dattawa sallama, ya tsallake takalmansu, ya leƙa cikin shago ya ɗaga murya.

"Maigida, giya biyu, masu sanyi!"

Tanimu ya tsayar da keke. "Subhanallahi. Bawan Allah, nan ɗinki ake yi."

"Ɗinki? To don me ka rataye kwalba a sama? Tun daga mashigar gari nake hango ta, har yawuna ya tsinke."

"Wace kwalba?"

"Kai, zo ka gani, kada ka mai da ni mahaukaci."

Ya kama hannun rigarsa ya jawo shi waje ta ƙofar gaba. Tanimu ya sami kansa tsaye a tsakiyar tabarmi, ba hula, zare a wuya. Ya ɗaga kai. Tsakanin TANIMU da TELA ga koriyar kwalba a karkace, tana tsiyaya cikin kofin gilashi, kumfa har tana zuba ta gefe. Ba ta dusashe ba ko kaɗan, kamar jiya aka zana ta. Koren haskenta yana sauka daidai kan farin rawanin Malam.

Malam bai ɗago ba. Layin da yake karantawa ya sake karantawa, ya kuma sake, a hankali. Wani dattijo ya kama tari mara dalili. Jatau kuwa yana ta zzzzz ɗinsa, bai san ya yi komai ba.

Tanimu bai san yadda ya koma ciki ba, takalminsa ɗaya a waje ya kwana. Ya kai hannu ya zare waya daga bango. Aka ji tik, ƙarama, shi ke nan. Direban, da ya gane abin da ya yi, ya ba da haƙuri sosai, har ya bar wando a yi masa faci.

Marigayin ya bar keken ɗinki guda, wanda tun ranar ba a taka shi ba bayan la'asar. Ya bar dutsen guga da almakashi biyu, da Altine da ta koma sayen kananzir, da tsaka masu yawa da ba su san inda za su nufa ba. Ya bar dattawan karatu. Ya kuma bar mai shi, wanda ya daina bin kasuwa, ya daina cin tuwo, yana kwance yana jiran a zo a ce masa an ɗauke tabarmi, an kai karatu inda ba a tallar giya, Malam kuma ya yi nadamar inda ya ba da 'yarsa.

Tanimu ba ya zargin Ado, shi ma da fenti ya saye ta. Ba ya zargin marigayin, abin da aka rufe masa ne ya bayyana. Yana dai roƙon duk mai niyyar yin allon wuta ya ɗaga robar ya duba ta a rana kafin a manna komai, ya tambayi inda ta taɓa zama, kuma in an ce shuɗiya, ya ɗauki shuɗiya.

Jiya Alhamis Gogo Ramatu, ƙanwar mahaifinsa, ta shigo gida ba sallama mai tsawo, ta same shi ya juya wa ƙofa baya.

"Tashi zaune, saƙo gare ni. Malam ya ce in hwaɗa maka tun damina ya ga abar. Ya ce kwalba tana sama, littahi yana ƙasa, shi kuwa ƙasa yake kallo. Ya ce tun Talata suna nan zaune inda ka bar su, cikin duhu, ko wasali ba ya gani. In ka gama kunyarka, ka maido musu haskensu." Ta gyara mayafi. "Wannan na Malam ne. Nawa kuma, ka ci abinci, ɗiyar mutane ta gaji da ɗumame. Ga takalminka, shi ya ba ni."

Saboda haka za a yi jana'iza yau Juma'a bayan la'asar, a ƙofar shago. Yaro maƙeri zai sauke marigayin ya buɗe shi. Ba wanka, ba salla, tunda allo ne. Robar za a naɗe ta cikin buhun albasa, fuska a ƙasa, a binne bayan shago da zurfi, don kada wani mai gaggawar aure ya sake samunta. Akwatin ƙarfen Gogo ta ce tana so, za ta sa 'yan tsaki. Fitilar neyon kuwa, wadda ba ta da laifin komai, za a rataye ta tsirara a bango, ba leda, ba suna, daidai saman tabarmar Malam, kuma za a kunna ta kafin a kira magariba in Allah Ya yarda.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya rufa mana asiri fiye da yadda fenti ya rufa. Masu zuwa ta'aziyya ana roƙonsu su zagayo ta ƙofar baya, can za su sami Tanimu. Ƙofar gaba akwai karatu.