Ranar da Lasifika Ta Tona Mini Asiri a Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hadiza, 'yar kawuna, a Kurfi ba, don ranar na fara tsayawa gaban jama'a a matsayin mawaƙi, kuma saura ƙiris ta zama ta ƙarshe.

Lokacin ina ji da kaina. Ni ke rubuta waƙoƙina, ni ke rerawa, ni ke bin masu tura waƙa a Dutsin-Ma ina lallaɓa su su saka wa mutane a waya. Ba ni da ubangida, sai abokina Nura mai ɗan situdiyo a bayan kasuwa, wanda ke wanke mini murya da na'ura har ni kaina in ji mawaƙin ya burge ni. (Muryata ta Allah da Annabi kuwa, in na ja ta sama, sai ka rantse ƙofar langa-langa ake buɗewa.)

Kawu Sale, yayan mahaifiyata, yana da wani shago a kulle a Dutsin-Ma, na ƙwallafa rai ya ba ni in buɗe wurin aikina. Mutumin Barkiya ne ta wajen Kurfi, sana'arsa noma da kiwo, ba ya son kwana-kwana. Ya ce, "Wanga abu da kake sa mani a waya ba kai ba ne, inji ne. Ka taho bukin ƙanwarka ka yi da bakinka in gani. In ka iya, shago naka ne."

Na ce an gama. Murna har ta hana ni cin abinci. Dabarata ita ce wadda mawaƙa da yawa ke yi a wajen biki: a saki waƙar a lasifika, a kashe makirfo, kai kuma ka yi ta motsa baki. Na yi ta gwaji gaban madubi har jijiyar wuya nake tayarwa.

Ranar biki da safe na biya situdiyo, na tarar Nura ya fita. Gaggawa ta sa na buɗe kwamfutarsa da kaina, na ga waƙa biyu masu sunan Hadiza, na kwafi ta sama a memori, na haye mashin sai Kurfi. Ban saurara ba. Wa zai saurari abin da ya haddace?

Bayan la'asar aka kira sunana. Kiɗa ya tashi, na shigo fili da sabuwar shadda ina taku ɗaiɗai. Mata suka ɗauki guɗa, aka fara liƙi, daɗi ya kama ni har na ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na hango Kawu yana gyaɗa kai. Sai rawar kai ta ja ni har gabansa, na durƙusa, na lumshe ido, na dafa ƙirji, na wage baki zan shiga baitin da ya fi kowane tashi.

Kiɗa ya tsaya cak. Sai ga tarina a lasifika, sannan muryata tsirara: "Tsaya, Nura, nan wurin ya fi ƙarfina. Ka ja shi da na'ura."

Muryar Nura ta ce, "To Kawun naka fa?"

"Rabu da tsoho. Mi ya sani ban da shanu?"

Ashe ɗanyen ɗauka na kwaso, wanda ba a gyara ba. Ina durƙushe, baki a buɗe, makirfo a hannu. Dariya ta faro daga ɓangaren mata ta mamaye filin. Wallahi da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Kawu bai yi dariya ba. Ya karɓi makirfon, ya juya shi, ya kunna, ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini. "Gaskiyarka, shanu na sani," in ji shi. "Amma ko saniya da bakinta take kuka. Tashi ka yi mana."

Na tashi na yi, ba kiɗa. Murya ta karye a daidai wurin nan, sai 'yan matan amarya suka kama amshi da tafi suka tsallakar da ni. Da na kai ƙarshe, gumi ya jiƙa shaddar sharkaf.

Washegari Kawu ya aiko mini da makulli, tare da saƙo cewa murya dai ba daɗi, amma tawa ce. A shagon nake aiki har yau, kuma na koyi rera abin da wuyana zai iya ɗauka. Darasi na biyu ya fi tsada: in za ka yi gulmar kawunka, fara duba ko Nura ya kashe na'ura.